Ranar da Za Ki Miƙa Kande ga Kakarta

Zuru,
Ranar Talata.

Zuwa ga ɗiyata Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata takardar nan za ta same ku lafiya, ke da Kande da mutanen kirkin da kuka tarar a Dirin Daji. Yaya baƙunta, yaya sabon aiki a asibiti? Allah ya tsare ku a gida, ya tsare ku a hanya, ya kau da idon mugu daga kanku. Mu nan lafiya lau muke, sai kewa. Gidan ya yi mini girma. Har yau tuwon mutum uku nake tuƙawa, sai na zo kwashewa in tuna, in kira yaran maƙwabta su taimake ni.

Na san za ki ce, Mama, ga waya, me ya kawo takarda? Wayar taku ta can sai mutum ya hau tudu kafin a ji shi. Ni kuma da na ji muryarki sai in ɓige da tambayar ko kin ci abinci. Shi ya sa na zauna da biro, da wannan rubutu nawa na ajin manya da kike yi wa dariya. Direban motar Dirin Daji zai kawo miki.

Labarin gari ba zan ba ki ba, magana ɗaya ce ta zaunar da ni. Idan an gama girbin dawa za ki ɗauki Kande ki kai ta ƙauyen kakarta a bayan Sakaba, ki baro ta can. Haka muka shirya da tsohuwar a gaban fasto: yarinyar ta fara zama a wurinki tunda kin fi kusa, kaka ta riƙa zuwa ran kasuwa har su saba, sannan a miƙa ta. A baki abu ne mai sauƙi. Amma yarinyar da aka taɓa yarwa, yadda aka rabu da ita karo na biyu shi zai nuna mata ko akwai wanda za ta sake yarda da maganarsa a duniya. Wannan ranar a hannunki take. Ni na daɗe ina riƙon 'ya'yan da aka bari, mutane suna yabona, amma kurakuran da na tafka ni na san su. Gara in zube miki su ki ga ramukan, kada ki faɗa inda na faɗa.

Kina makarantar jinya lokacin da ta zo, don haka guntu-guntu kika ji labarin. Shekarar nan ce da mutanen ƙauyuka suka yi ta kwararowa Zuru da tabarmi a ka saboda 'yan bindiga. Wata Asabar sharar coci ta faɗo kaina. Ina cikin shara sai ga wata matashiya da goyo, ba ta ma kai ki shekaru ba. Ta kwance goyon, ta shimfiɗa zani a bencin baya, ta kwantar da 'yar tana barci. Ta ce, “Mama, ki duba mini ita, in sha ruwa in dawo.” Na ce to. Na gama shara, na goge benci, na jera kujerun mawaƙa, rana ta karkata, shiru. Da yarinyar ta farka ba ta yi kuka nan take ba. Sai ta sauko tana bin benci ɗaya bayan ɗaya tana leƙa ƙarƙashi, ta ɗauka wasan ɓuya ake yi da ita.

Na tsuguna na tambaye ta sunanta. Da ɗan bakinta ta ce Kande. Ni kuwa da iyayina na ce a'a, wannan alherin Allah ce, daga yau sunanta Alheri. Matan zumunta suka yi ta tafi, ni ma na ji na yi abin kirki. Ashe ƙofa na rufe. Sau biyu kakarta ta zo Zuru tana bin kasuwa da tasha tana tambayar wata yarinya Kande. Har ƙofar cocinmu ta zo, mai gadi ya ce mata nan babu Kande, kuma bai yi ƙarya ba, bai san da ita ba. Tsohuwa ta koma gida hannu wofi, alhali jikarta tana bayan katanga tana wasa.

Ba don Inna Hajo mai nono ba, da har yau muna cikin duhu. Kin san ta da yawo, babu ƙauyen da ƙwaryarta ba ta shiga ba. Wata rana tana auna mini nono sai ta ji yarinyar tana yi wa 'yar tsanarta faɗa tana cewa, “Kande, ki zauna nan, ina zuwa.” Inna ta ajiye ludayi ta ce, “Mama Rifkatu, ɗiyar ga mi ne sunanta na gaskiya? Akwai wata tsohuwa can wajen Sakaba, kowa ta gani sai ta tambaye shi Kande. Mu har mun aza taɓuwa gare ta.”

To ki ji. Yaron da aka yar, sau da yawa sunansa ne kaɗai abin da ya zo da shi daga gida. Kada ki karɓe masa. A asibitinku za ki riƙa ganin irinsu, don hanyar nan ba ta daina zubo su ba. Ki tambayi sunan, ki tambayi ƙauyen, ki tambayi sunan uwa da na kaka tun bakin yaro bai manta ba, ki yi ta maimaita masa. Kin ga ko a takardar nan fama nake yi in rubuta Kande, hannuna Alheri yake so ya rubuta. Ke ma ki daure ki riƙa kiranta da sunan da kakarta ta sani. Yarenmu ma ki riƙa yi mata, ko da naki ɗin nan da ya karye a makaranta, don ni Hausa zalla na rene ta da ita, ga shi yanzu ko gaisuwar kakarta ba ta iya amsawa.

Kina tuna Bulus da ranar godiyar girbi a coci? Ke kina ƙarama, amma kin ga anko da na ɗinka wa yaran da ke gidanmu a lokacin. Na jera su a gaban jama'a, na karɓi abin magana ina ba da shaida. Na dafa kan Bulus na ce, “Wannan a tasha na tsince shi, ko wando babu.” Wasu suka yi dariya, wasu suka share hawaye, aka yi ta kawo dawa da gero har muka rasa wurin zubawa. Na dawo gida ina jin kaina. Bulus kuwa ya ƙi cin abinci, ya tafi bayan rumbu ya zauna. Marigayi babanku ba mai yawan magana ba ne, amma ran nan ya ce, “Saratu, hatsin ga da kika samo, da mutuncin yaron ga kika saye shi.” Na yi fushi, na ce ai don cikinsu na yi. Gaskiya ne don cikinsu na yi, amma har da daɗin tafi. Yau Bulus magidanci ne, yana aikin walda a Kontagora, ba ya wasa da gaisuwata. Amma ki lura, duk ranar da ya zo Zuru ya shiga coci, bencin ƙarshe kusa da ƙofa yake zama.

Saboda haka ranar da za ki kai Kande, kada ki tafi da gayya. Kada ki gayyaci matan coci, kada a ɗauki hoto, kada a yi jawabi. Talaucin gidan tsohuwar nan ya fi namu, ni na ga zanin da ta zo da shi. Idan kin shiga, kada idonki ya yi ta yawo a kan rufin ɗaki da tukunya. Ki durƙusa ki gaishe ta yadda kike gaishe da kakarki. Abin da ta ba ki ki ci, ko kunu ne ba sukari, kada ki tsaya yi mata wa'azin tafasa ruwa a ranar farko, na san halinku ma'aikatan lafiya. Dawar gonarmu ta Manga da zan aiko, ki shiga da ita ɗaki ki ajiye a lungu ki ce tsarabar Zuru ce, shi ke nan. Kuma ko da wasa kada ki zagi uwar yarinyar. Ba ta koma gida ba, har yau ba a san inda take ba, kuma ba mu san abin da ya koro ta ba. Ta wuce rijiya, ta wuce daji, ta zaɓi benci a ɗakin Allah. Ni wannan nake tuna mata da shi.

Akwai abin da ya fi wannan yi mini nauyi. Tsohuwar ba ta zuwa coci, al'adar kakanni take bi. Kande kuwa ta iya addu'ar cin abinci, ta fi kowa ɗaga murya a makarantar Lahadi, ko da ba ta san kan waƙar ba. A taron zumuntar mata ni ce mai cewa, “Ya Ubangiji, ka bayyana dangin yarinyar nan.” A zuci kuwa ina ƙarawa, amma kada ka yi sauri. Da Inna Hajo ta kawo labari, har kasuwa ta ci ta sake ci ban gaya wa fasto ba. Ina ce wa kaina bangaskiyar yarinyar nake karewa. Ƙarya nake yi, ɗumin bayanta nake karewa, da 'yar muryar nan da ke tashe ni da safe.

Daga ƙarshe na gaya wa fasto, aka aika wa tsohuwar, ta zo gidanmu. Na shirya faɗa, na ɗauka za ta fizge yarinyar. Ko taɓa ta ba ta yi ba. Ta zauna a ƙasa, ta ƙura wa ƙafafun Kande ido, can ta ce da 'yar Hausarta, “Yatsun uwarta ne.” Sai hawaye. Ta juyo ta kama hannuna biyu tana godiya, ni da na ɓoye mata jika. A nan na gane Yesun da nake bi bai taɓa ɗaure kowa da igiya ba, kuma bai aiko ni in yi masa gadin yara daga danginsu ba. Riƙo ya ba ni, na riƙe, lokacin saki ya yi. Don haka kada ki yi ciniki da tsohuwar, kada ki ce za mu riƙa aiko hatsi idan ana kai ta coci. Hatsin da aka ɗaura wa sharaɗi ba kyauta ba ne. Kada kuma ki sa wa yarinya tsoron kakarta. Abin da muka shuka a zuciyarta mun shuka, Ubangiji mai gonar ya san hanyar ƙauyen nan fiye da direbobin Sakaba. Ina faɗa miki haka da ƙarfi ne don ni ma in ji, domin har yanzu zuciyata ba ta gama yarda ba.

Ke ma ina da magana da ke. Kirsimetin nan da babanku ya sayo miki jan takalmi, kika kwana da shi a gefen filo, washegari na ɗauka na sa wa wata yarinya da aka kawo mana ba takalmi. Kika yi kuka na ce, “Ke ai kina da uwa.” Wannan kalma na yi ta jifanki da ita har kika girma, a kan nama, a kan bargo, a kan cinyata. Sai da kika shiga makarantar jinya, wata rana muna tsince shinkafa, kika ce kina dariya, “Mama, ina da uwa kam, amma layi nake bi kafin in same ta.” Na taya ki dariya, amma maganar ba ta bar ni ba. Ga shi yanzu layin ya watse, ni kaɗai ce zaune, ke kuma kin tafi. Ina kewarki, Rifkatu. Ina kewar yadda kike shigowa kina mita a kan hayaƙin murhu. Jinina ne a jikinki, na san wata rana za ki ɗauko ɗan wani ki kawo gida, kuma ba zan hana ki ba. Amma ki yi kyauta da abinki, kada ki yi da na 'ya'yanki sai kin tambaye su. Yaro idan aka tambaye shi yakan bayar da fiye da abin da za a ƙwace masa.

Yanzu saura wanda nake ta kewaye-kewaye don kada in iso gare shi. Kin san abin da na yi a tasha ranar tafiyarku, tunda a gabanki aka yi. An gama ɗaure kaya, kin shiga mota, Kande ta riƙe bakin zanina ta ƙi saki. Direba yana ta hon. Sai na ji bakina yana cewa, “Shiga ki zauna wurin Anti, bari in karɓo miki biskit a shagon Mama Ngozi, ina zuwa.” Ta sake ni nan da nan, don ban taɓa yi mata ƙarya ba. Na shiga shagon na laɓe bayan katan-katan har motarku ta tashi. Ta tsakanin kaya na hango ta, ta manna fuska a gilashi tana duban ƙofar shagon.

Mama Ngozi ta bar ni na yi kukana, ta ba ni kujera. Sannan ta ce da Hausarta, “Mama Rifkatu, kai ka yi ba daidai ba. Yaro zai jira kai.” Na ce ai don kada ta yi kuka ne. Ta ce, “Don kada shi ya yi kuka, ko don kada kai ka gani?” Shekara da shekaru ina jin haushin matashiyar da ta ce bari ta sha ruwa ta dawo, ga ni da furfurata na yi irin nata sak. Ran nan na daina ganin laifinta, don na ɗanɗana abin da ke sa uwa ta gudu.

Da kika kira ni ran Lahadi, kafin waya ta yanke na ji abin da kika ce. Kin ce tana ci, tana wasa, amma duk motar da ta tsaya sai ta fita ƙofa, ta dawo ta tambaye ki ko Mama ta fito daga shagon. Tun ran nan abinci ba ya mini daɗi.

Dukanmu haka muke yi wa yara a ƙasar nan. A aiki yaro ɗebo ruwa a sulale, a jira ya yi barci a ɗauki jaka. Muna cewa tausayi ne. Ga yaron da ke da tabbacin uwarsa za ta dawo da yamma, wataƙila ba komai. Ga irin su Kande kuwa guba ce. Don Allah, ɗiyata, ranar nan kada ki sulale. Ki fara gaya mata tun da sauran kwanaki, ki faɗa ki sake faɗa, har ranar ta zo ba a matsayin baƙuwa ba. Ku tafi da hantsi, idonta biyu. Idan lokacin komawarki ya yi, ki tsuguna ki dube ta ki ce, Kande, zan tafi, ke za ki zauna da kaka, nan ne gidanku. Kada ki ce kina zuwa. Ki faɗa mata ranar da za ki dawo duba ta, ranar da kin tabbata za ki iya, kuma ki cika ko ana ruwan sama. Za ta yi kuka, za ta riƙe ki, wataƙila ta cije ki. Ki bar ta ta yi. Tsohuwar ma za ta ce ki lallaɓa ki gudu, ki ba ta haƙuri ki ce a'a. Ki ɓamɓare yatsunta a hankali ki sa su a hannun kakarta, ki tafi a inda take ganin bayanki, ki waiwayo ki ɗaga mata hannu. Zai yi miki ciwo ƙwarai. Ni na kasa, shi ya sa nake roƙonki ki fi ni.

Amma ba za ta yarda da maganarki ba muddin tana jiran tawa. Don haka kafin komai, yau ɗin nan da takardar ta iso, ki zaunar da ita a cinyarki ki karanta mata wannan. Kada ki gyara, kada ki sa masa sukari:

“Kande, Mama ce. Ban je sayen biskit ba. Ƙarya na yi miki, na ɓuya a shago don ba zan iya ganin tafiyarki ba. Ba ki yi laifin komai ba, ni ce na yi laifi. Ki daina jira a ƙofa, ba na cikin motocin nan. Ina gida a Zuru, ina tuna ki kullum, ina yi miki addu'a da sunanki. Idan an gama girbi zan zo Dirin Daji kafin a kai ki wurin kaka, in yi miki sallama da bakina, kina kallona ina kallonki. Ki yafe mini.”

Zan zo ɗin kuwa, ko ƙafar nan tana ciwo, ko hanya ta yi yadda ta yi. Duk abin da ta amsa ki rubuto mini shi yadda ta faɗa. Idan ta ce ba ta yafe ba, haka za ki rubuta, kada ki tausaya mini.

Ki gaishe da abokan aikinki da mai gidan da kuke haya. Ki gaishe da tsohuwar idan ta zo kasuwa, ki ce mata Saratu tana gaisuwa da girmamawa. Matan zumunta suna gaishe ki, Inna Hajo ma ta ce a gaishe da likita, wato ke. Kada ki yi tafiyar yamma, kada ki hau babur ɗin wanda ba ki sani ba, kuma ki riƙa cin abinci. Ubangiji ya rufa muku asiri, ya kwantar da ƙasarmu, ya mai da kowane ɗa hannun nasa. Ya ba ki ƙarfin zuciya a ranar nan, ya sa mu ga juna lafiya. Amin.

Ni ce mahaifiyarki,
kuma Mamar Kande, idan har yanzu tana so ta kira ni haka,

Saratu.